Kan Jirgi Mai Dizal: Gadon Zariya da ke Neman Salwanta

Masu sha'awar tarihin jirgin ƙasa sun daɗe da rabuwa gida biyu. Kashi na farko na ganin cewa martabar reluwe ta tafi ne tun ranar da aka daina jin hucin kan jirgi mai tururi. Kashi na biyu kuwa na ganin tsofaffin kawunan jirgi masu aiki da dizal su ne suka cancanci yabo. A ƙasar Hausa, babu inda ya fi dacewa a yanke wannan shari'a kamar Zariya.

Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sannan a 1929 aka kammala reshen da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Da haka garin ya zama mararraba, Sabon Gari ya bunƙasa a gefen tasha. Hatta Maraɗi, wadda dogo bai je mata ba, ta ci moriyarsa, domin wani kaso na gyaɗarta ta Kano yake bi kafin ya kai bakin teku.

Sai dai kan jirgi mai tururi maciyi ne kuma mashayi. Kwal ɗinsa daga Inugu ake ɗauko shi, tafiyar ɗaruruwan kilomita, ruwa kuwa yakan yi wuya da rani a Arewa. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, kamfanin English Electric na Ingila ya ƙera kawuna goma masu ƙarfin doki 750 kowanne, aka ba su mazauni a Zariya, suna jigila tsakaninta da Kano. Injinsu na ƙona dizal ya juya janareto, wutar da aka samu ita ke tura ƙafafun. Daga baya wasu suka biyo daga Amurka da Kanada. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da ya katse hanyar kwal, ya ƙara nuna amfaninsu.

Masoya tururi suna da hujjarsu. Kwal arzikin gida ne, kuma maƙeran loko kan iya gyara yawancin sassan tsohon inji da hannunsu, alhali dizal na jiran kayan gyara daga ƙetare. Idan kuɗi suka yanke, sai kan jirgi ya kwanta. Masoya dizal kuwa sukan tuna da mai zuba kwal, wanda ke yini gaban wuta da shebur a cikin zafin bazara, da kuma awannin da ake ɓatawa kafin tukunya ta tafasa.

Abin takaici shi ne, yayin da ake wannan muhawara, tsatsa ba ta jira. An ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi a 2021, mai faɗin milimita 1,435, wanda tsofaffin kawunan layin milimita 1,067 ba za su taɓa hawa ba. Idan ba a keɓe ko da guda ɗaya an adana a Zariya ba, 'yan gwangwan ne za su yanke hukuncin ƙarshe, a kan sikeli, kilo bayan kilo.