Daga Kallon Habub Zuwa Auna Ƙura da Leza

Hausawan da suka bi Muhammad Bello Mai Wurno zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 sun baro hazon hunturu a gida, amma sun iske wata ƙurar a bakin Shuɗin Nilu. Daga Mai Wurno kusa da Sinnar har ƙauyukan Rusairis, sunanta habub: iskar hadari ce take tono ƙasa, ta taho da ita kamar ganuwa gab da faɗuwar damina. Ido yana ganin tahowarta, sai dai ba ya iya faɗin tsayinta ko inda za ta sauka. Masu nazarin yanayi ma sun daɗe suna dogaro da nisan da mutum ke iya hangowa a ƙasa.

An ƙera leza ta farko a Amurka a 1960. A 1963 Giorgio Fiocco da Louis Smullin na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts suka harba haskenta sama, suka kama ɗan abin da ya dawo bayan ya bugi ƙananan ƙwayoyi a sararin samaniya. Wannan dabara ita ake kira laida. Lissafinta ba wuya: haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka idan ya dawo bayan kashi 20 cikin miliyan na daƙiƙa, ƙurar tana tsayin kilomita 3. Kuma da yake ƙwayar ƙura ba mulmulalliya ba ce, tana murɗa hasken, ta haka ake bambanta ta da ɗigon ruwan girgije.

Shekarar 2006 ce ta kawo na'urar kusa da mu. Masu bincike sun girke laida a Yamai, suka kuma yi shawagi da jiragen awo a Nijar. Sun gano cewa a lokacin hunturu ƙura tana kwanciya ƙasa-ƙasa, hayaƙin ƙonar daji kuwa yana hawa samanta. A ranar 28 ga Afrilun shekarar, Amurka da Faransa suka harba tauraron CALIPSO ɗauke da laida. Da awonsa aka ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara zuwa tekun Atilantika a shekara, wajen miliyan 27 kuma na zuba a dajin Amazon.

To, mai karatu, me wannan ya tsinana wa manomin Rusairis? Sudan da ƙasar Hausa duka suna cikin yankin sanƙarau, cutar da ke tsananta a watannin bushewa da ƙura. Sanin ko ƙura tana can sama ko tana daidai hancin jama'a batu ne na asibiti da filin jirgi. Amma lokacin da CALIPSO ke aiki, siririn layi yake aunawa, ba ya sake bin sawunsa sai bayan kwana 16, alhali habub tana tashi ta kwanta cikin 'yan sa'o'i. Na'urar Yamai baƙuwa ce, bayan shekara guda aka kwashe ta. CALIPSO ya daina aiki a 2023, EarthCARE na Turai da Japan ya hau sama a 2024.

An san nauyin ƙurarmu da ke isa Amazon fiye da wadda yaranmu ke shaƙa. Gyaran wannan sai jami'o'inmu, daga Wad Madani zuwa Kano, sun mallaki laida a ƙasa, suna awo dare da rana.