Daga Ruwan Yis Zuwa Tukunyar Magani: Tarihin Haɗa Enzayim da Yawa a Wuri Ɗaya

A cikin ƙarni na goma sha tara, masana kimiyya na Turai sun daɗe suna gardama a kan abin da ke juyar da sukari ya zama barasa. Louis Pasteur na Faransa ya tsaya a kan cewa wannan aiki ba ya yiwuwa sai da rayayyen yis, watau ƙananan halittun nan da ke sa ƙullun burodi ya tashi. Justus von Liebig na Jamus kuwa ya ce sam, al'amari ne na sinadarai kurum, ba ruwansa da rai. Dukansu biyu sun bar duniya ba a raba gardamar ba.

Wanda ya raba ta bai fita neman haka ba. Eduard Buchner da wansa Hans suna so ne su tatso ruwan cikin yis domin gwajin magani. Suka niƙa yis da yashi har ƙwayoyinsa suka farfashe, suka matse shi a cikin inji. Da yake ruwan yana saurin lalacewa, sai aka zuba masa sukari mai yawa don ya daɗe, kamar yadda ake adana 'ya'yan itatuwa. Ba a jima ba sai ga kumfa tana tasowa, ga barasa, alhali kuwa babu rayayyen yis a ciki. Buchner ya buga wannan labari a 1897, ya sa wa abin da ke yin aikin suna zayimes, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1907. Ta haka ya tabbata cewa enzayim, watau sinadaran da jikin halitta ke ƙerawa don su hanzarta juyar da wani abu zuwa wani, suna iya aiki a cikin kwalba.

Amma fa Buchner ya ɗauka abu guda ya gano. Waɗanda suka nuna ba haka ba ne su ne Arthur Harden da William Young na Cibiyar Lister a Landan, wajen 1905 zuwa 1906, kuma aikinsu ya cancanci a dakata a kansa. Sun tace ruwan yis da matata mai tsananin laushi, ya rabu kashi biyu. Abin da ya saura a kan matata bai iya juyar da sukari ba, abin da ya wuce ta shi ma bai iya ba, amma da aka sake gauraya su sai aiki ya tashi. Ashe enzayim suna bukatar wani ƙaramin mataimaki, wanda daga baya aka sani da haruffan NAD. Aikinsa irin na ɗan dako ne: ya ɗauko haidirojin daga hannun wannan enzayim ya kai wa wancan, ya komo ya sake ɗauka. Sa'an nan suka lura da wani abu. Kumfar takan yi ƙarfi da farko, ta lafa. In an zuba fosfet, gishirin nan da ke cikin takin zamani da manoma ke kira sufa, sai ta farfaɗo, ta sake lafawa da zarar ya ƙare.

Sai wajen 1940 aka gama tantance hanyar duka, bisa ƙoƙarin Gustav Embden da Otto Meyerhof da Jakub Parnas da Otto Warburg da wasunsu. Enzayim goma sha biyu ne a jere tsakanin sukarin gulukos da barasa, kowane yana karɓar abin da na gabansa ya gama, kamar yadda auduga ke fita daga hannun mai gurza zuwa mai kaɗi, zuwa masaƙi, zuwa marini. Meyerhof, wanda mulkin Nazi ya kora daga Jamus a 1938, shi ya bayyana sirrin fosfet a 1945 yana Amurka. A cikin rayayyen yis akwai ayyukan da ke sako fosfet ya komo farkon layi. A kwalba kuwa maƙalewa yake yi a jikin sukari, sai layin duka ya tsaya. Ko da kowane enzayim yana da lafiya, in abin da ke zagayawa tsakaninsu ya yanke, ba abin da zai fito.

Masana'antu sun daɗe suna kwaɗayin irin wannan layi, dalilin kuwa na lissafi ne. A hanyar da aka saba haɗa magani, bayan kowane mataki sai an tsaya an tace, an wanke, an busar, kuma kowace tsayawa da asararta. In ana samun 80 cikin 100 a kowane mataki, to, bayan mataki goma abin da zai rage bai kai 11 ba. In da za a zuba enzayim duka a tukunya ɗaya, cikin ruwa, ba tare da zafi mai yawa ba, da an huta da yawancin wannan ɓarna. Abin da ya tare hanya shi ne ɗan dakon nan, gama tsadarsa ta fi ƙarfin a yi amfani da shi sau ɗaya a zubar. A shekarun 1980 Maria-Regina Kula da Christian Wandrey suka warware wannan a Jamus. Suka ƙara wani enzayim na yis wanda ke ciro haidirojin daga gishirin fomet mai araha ya sake ɗora wa ɗan dakon, abin da ya rage kuma ya fice a matsayin iska. Kamfanin Degussa ya yi amfani da dabarar wajen haɗa wani sinadari da ke shiga cikin magunguna.

Saura cikas ɗaya: enzayim na halitta abin da ya saba da shi kaɗai yake taɓawa. Frances Arnold ta Amurka ta nuna tun 1993 cewa ana iya hora shi, ta hanyar sassauya ƙwayar gadonsa da zaɓen wanda ya fi kyau, zubi bayan zubi, kamar mai zaɓen iri. Ta sami lambar Nobel a 2018.

A 2019 masanan kamfanin Merck suka buga yadda suka haɗa islatravir, maganin da aka ƙera domin yaƙi da ƙwayar cutar ƙanjamau. Sun ɗauki hanyar da wasu ƙwayoyin bakteriya ke bi su wargaza irin wannan sinadari, suka juya ta baya don ta riƙa ginawa. Enzayim tara suka yi aikin, biyar daga ciki horarru, a zango uku, ba tare da tsayawa tsarkake abin da ke tsakani ba, kuma matakan ba su kai rabin na tsohuwar hanya ba. A zangon ƙarshe fosfet ya sake tare hanya, sai dai wannan karon yawa ya yi, yana taruwa yana tura aikin baya. Suka zuba sukarin rake tare da wani enzayim da ke ɗaure fosfet a jikinsa, layin ya miƙe, suka sami 51 cikin 100 daga farko har ƙarshe.