Mushen Da Aka Bar Wa Ƙuda

'Yan uwana mata, yau labarin ƙuda na kawo muku, shi dai wannan koren da muke kora da mafici ranar yankan layya. Kada ku yatsina fuska tukuna.

A watan Agusta na 2016, a ƙasar Norwe can arewacin Turai, akwai wani tudu mai tsananin sanyi da ake kira Hardangervidda. Dabbobin dawa ne dangin barewa, masu ƙaho reshe-reshe, suke kiwo a wurin. Hadari ya taso, suka cure waje guda don tsoro, sai aradu ta faɗo. Guda 323 suka mutu, 70 daga ciki 'ya'ya ne. Allah sarki!

Hukuma ta cire kawunansu don binciken cuta, ta bar sauran a fili. Ni da na fara jin haka cewa na yi wannan ai ƙazanta ce. To amma wa zai haƙa wa mushe ɗari uku rami a kan dutse?

Ƙuda ne ya karɓi aikin. Wari yake bi, ya saka ƙwai a rauni da duk wata kafa mai laima, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tsutsotsin nan idan suka dunƙule suna ci, ɗumi suke haifarwa a tsakaninsu, har cikin mushen ya fi iskar waje zafi. Da wannan suke jure sanyin ƙasar, don lokacinsu kaɗan ne: ƙanƙara na sauka komai zai daskare, aiki ya tsaya sai wata shekara. Ƙwari dangin buzuzu su ma sukan zo, wasu su ci tsutsar, wasu su ci ragowar naman.

Masana sun yi shekaru suna komawa wurin. Sun ga ƙananan tsuntsaye sun taru suna cin ƙudan da ya yi yawa. Hankaki ma sun cika wurin, har ɓeraye suka ƙaurace masa a 2017, ba su dawo ba sai 2018 da naman ya ƙare. A kashin hankakin kuwa an sami irin wani ɗan itace mai baƙaƙen 'ya'ya, zube a ƙasar da ruwan mushen ya riga ya zame wa taki.