Tawayen Mutanen Kuroshiya ga Mulkin Faransa, 1806–1814

Dalmatiya, yankin bakin teku na ƙasar Kuroshiya ta yau, ta shiga hannun Napoleon bayan yarjejeniyar Pressburg ta Disamban 1805, inda Austiriya ta sallama masa ita. A 1806 sojojin Faransa suka iso. Sun gina hanyoyi, a zamaninsu ne kuma aka fara buga jaridar Kraljski Dalmatin a Zadar. Amma talaka abin da ya gani shi ne haraji, da kwashe samari aikin soja na dole, da rushe ƙungiyoyin coci. Ga kuma hana ciniki da Ingila, wanda ya durƙusar da fatauci ta teku.

Wutar tawaye ta fi kamawa a Poljica, 'yar jamhuriya ta ƙauyuka a gindin dutsen Mosor, kusa da Omiš. Ɗaruruwan shekaru mutanenta suna mulkin kansu bisa kundin dokokinsu, kowace shekara ranar bikin Waliyyi George su taru su zaɓi shugabansu. Venis, wadda ta mulki yankin a da, ta bar musu wannan 'yanci, Austiriya ma haka, Faransa kuwa ta ƙi. A watan Yunin 1807 suka ɗau makami ƙarƙashin shugabansu Ivan Čović, da goyon bayan jiragen yaƙin Rasha. Cikin kwanaki kaɗan dakarun Faransa ƙarƙashin Janar Marmont suka murƙushe su, aka ƙone gidaje, aka kashe mutane, aka soke jamhuriyar. Čović ya tsere a jirgin Rashawa. Wata guda bayan haka Rasha ta shirya da Napoleon a Tilsit, ta janye jiragenta, ta bar manoman da jangwam.

A 1809 wani malamin coci, Andrija Dorotić, ya sake tayar da jama'a don mara wa Austiriya baya, shi ma bai kai labari ba. A Dubrovnik, wadda Marmont ya soke jamhuriyarta a Janairun 1808, mutane sun tashi a 1813, suka ɗaga tsohuwar tutarsu, suka yi wa Faransawa ƙawanya tare da jiragen Kyaftin William Hoste na Ingila. Faransawa sun miƙa wuya a Janairun 1814, sai dai sojojin Austiriya ne suka karɓi garin.

Waɗannan mutane sun yi yaƙi ne don kare addininsu da haƙƙin da suka gada, manyan dauloli kuma suka yi amfani da su. Taron Vienna na 1815 ya miƙa Dalmatiya da Dubrovnik ga Austiriya, bai maido wa Poljica ko Dubrovnik 'yancinsu ba.