Tarihin Zaɓen Sassan Kwamfuta da Abin da Yake Nufi ga Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda aka yi har mutum ya sami ikon sayen sassan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ya harhaɗa da kansa, musamman domin wasanni da zane mai motsi, watau katun. Bayan haka za mu auna wannan tarihi da halin da ake ciki a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum. Duniya ta fi sanin Anka da Bukkuyum da annobar gubar dalma ta shekarar 2010, wadda ta biyo bayan haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Saboda haka duk sana'ar da za ta raba matashi da ramin haƙa ta cancanci nazari, kuma jarin wannan sana'a bai wuce na'ura guda ba, wadda in aka yi kuskure wajen zaɓen sassanta an yi asarar tarin shekaru.

2.0 Asalin 'Yancin Zaɓe

A ranar 12 ga Agusta, 1981, kamfanin IBM na Amurka ya fito da ƙaramar kwamfutarsa. Da yake gaggawa ake yi, ma'aikatan da Don Estridge ya jagoranta ba su tsaya ƙera kome da kome ba. Sun sayi ƙwaƙwalwar na'urar daga Intel, suka karɓi manhajar sarrafa ta daga Microsoft, sa'an nan suka buga littafi mai bayyana tsarin cikinta. Wannan ya buɗe ƙofa ga wasu, har a 1983 kamfanin Compaq ya shiga kasuwa da na'urar da ke aiki da manhajoji iri ɗaya. A 1995 Intel ya fitar da ma'aunin ATX, wanda ya daidaita girman uwar allo da akwati da mararrabar wuta. Daga nan sashen da aka ƙera a Taiwan ya kan zauna daram a jikin wanda aka ƙera a wata ƙasa dabam.

3.0 Ɗaukakar Katin Hoto

Da farko ƙwaƙwalwar na'ura ce ke ɗaukar dukkan aiki. Wasanni irin su Doom na 1993 suka nuna iyakarta, domin wasa yana bukatar a zana hoto sabo sau da yawa cikin daƙiƙa guda. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, kamfanin 3dfx ya fito da katin Voodoo, wanda aikinsa kawai zana hoto mai zurfi. A 1999 kuma Nvidia ya kawo GeForce 256. Tun daga lokacin katin hoto ya zama sashen da mai wasa ya fi kashe wa kuɗi.

Zane mai motsi ya bi tasa hanya. Fim ɗin Toy Story na 1995, wanda shi ne dogon fim na farko da aka zana shi kacokan da kwamfuta, sai da aka haɗa na'urori fiye da ɗari kafin a kammala shi. Amma a 2002 Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya tara Yuro 100,000 daga jama'a ya fanshi manhajar Blender, ta zama kyauta ga kowa. A 2011 aka ƙara mata hanyar yin amfani da katin hoto wajen fitar da zane.

A nan ya kamata mu bambanta bukatu biyu. Mai wasa yana son hotuna 60 ko fiye a daƙiƙa, ya yi sa'a biyu ya tashi. Mai katun kuwa hotuna 24 ke cika masa daƙiƙa guda ta fim, amma kowane ɗaya yana iya cin mintoci masu yawa, na'ura ta kwana tana aiki da dukkan ƙarfinta. Don haka shi ya fi bukatar yalwar ma'ajiyar RAM da wutar da ba ta yankewa.

4.0 Halin Yammacin Zamfara

Galibin shawarwarin zaɓen sassa an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi da tsayayyar wutar lantarki. Mai saye daga Gummi ko Anka yakan nufi Gusau ko Sakkwato, ko Titin Beirut a Kano, ko ya yi saƙo kasuwar kwamfuta ta Ikeja, inda sabo da na hannu ke cakuɗe. Abubuwa huɗu ne ke jiransa in ya dawo gida.

Na farko shi ne wuta. Babban katin hoto shi kaɗai yakan sha wat 300, ban da sauran sassa, alhali kuwa janareto ko hasken rana ne madogara a mafi yawan lokaci. Na biyu zafi, wanda kan haura digiri 40 a bazara, kuma na'ura in ta ji zafi takan rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone. Na uku ƙurar hunturu, mai toshe fankoki. Na huɗu kuwa sadarwa: a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba intanet. Mai manhajar da ke zaune a cikin na'urarsa ya ci gaba da aiki, mai dogaro da intanet kuwa ya naɗe hannu. Ga kuma tsada, domin ƙarancin katin hoto na 2020 zuwa 2022 da faɗuwar darajar Naira tun daga Yunin 2023 sun sa kuskure ɗaya ba ya gyaruwa da sauƙi.

5.0 Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, jerin muhimmancin sassa ba tsayayye ba ne, zamani da wuri ke tsara shi. A ganinmu, mai harhaɗa na'ura a wannan yanki ya fara ƙididdige wutar da yake da ita, ya sayi mararrabar wuta ta ƙwarai da batirin tsaro da akwati mai iska, kana ya nemi RAM, daga ƙarshe ya ɗauki matsakaicin katin hoton da sauran kuɗinsa suka isa. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Muna kuma kira ga makarantun kimiyya da fasaha na jihar da su koyar da harhaɗawa da gyara bisa yanayin ƙasarmu, tare da daidaita sunayen waɗannan sassa da Hausa, domin ɗalibi ya san abin da zai tambaya kafin ya shiga mota zuwa Kano.