Gajimaren Rairayi da Ƙarfe: Tarihin Ƙyaftawar Kasassun Taurari

Tarin taurarin nan da manoman Tambuwal da Kebbe suka sani da Kaza da 'Ya'yanta yana ɗauke da wani ɗan tsako da ido ba ya gani. A cikinsa ne, a 1995, Rafael Rebolo da abokan aikinsa a tsibiran Kanari na ƙasar Sifen suka gano Teide 1, ɗaya daga cikin kasassun taurari na farko da aka tabbatar. Tun farkon shekarun 1960 Shiv Kumar ya yi hasashen akwai irinsu, wato halittun da suka fi duniyar Mushtari nauyi sau 13 zuwa kusan 80, amma nauyin bai kai ya riƙe wutar da ke ci a cikin rana ba. A 1975 Jill Tarter ta raɗa musu sunan Turanci mai ma'anar wada mai ruwan ƙasa, ko da yake launinsu ya fi kusa da ja mai duhu.

Tunda wutarsu ba ta ɗorewa, sai su yi ta hucewa, kuma a nan ne gardama ta taso. Lissafi ya nuna cewa a sararinsu ƙarfe da sinadarin rairayi suna daskarewa su zama gajimare. Amma idan zafinsu ya sauko kusan digiri 1,000 na Salshiyas, sai alamun gajimaren su ɓace da saurin da lissafin bai zata ba. A 2002 Adam Burgasser da wasu suka ce gajimaren yagewa yake yi, yana barin ramuka. In haka ne, dole haske ya riƙa ƙaruwa da raguwa yayin da halittar ke juyawa: rami ya fuskanto mu, hasken zurfi mai zafi ya fito, gajimare ya zagayo, ya tare shi. Duk wanda ya ga yadda hazo ke mayar da rana kamar faifai a watan Janairu ya san abin da ƙura ke yi wa haske. Sai dai can ƙurar tana da zafin maƙera, kuma ba hoto ake gani ba, ɗigo ɗaya ne tak.

An yi shekaru ana leƙe, ana samun 'yan canje-canje marasa ƙarfi da ba su gamsar da kowa ba. A 2009 Étienne Artigau ya nuna cewa SIMP 0136 yana ƙyaftawa duk awa 2.4. A 2012 Jacqueline Radigan ta sami wani, 2M2139, wanda haskensa ke sauyawa har kashi 26 cikin ɗari a ƙasa da awa takwas. A ganina wannan awon ne ya kashe maganar, domin ba a ɗora irin wannan gibi a kan kuskuren na'ura.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Kevin Luhman ya gano wasu tagwaye a 2013, tafiyar haske shekara 6.5 kacal daga nan, kuma a 2014 Ian Crossfield ya yi amfani da madubin VLT da ke Chile ya zana taswirar farko ta ɗaya daga cikinsu, Luhman 16B, da tabo-tabon duhu da haske.

Zancen ramuka kaɗai bai ishi bayani ba. Salon ƙyaftawar yakan sauya daga juyi zuwa juyi, abin da tabo mai zama wuri ɗaya ba zai haifar ba. Daniel Apai ya danganta wannan a 2017 da ɗamarorin gajimare da igiyoyin iska masu tsere wa juna, kamar na duniyar Naftun. Da madubin James Webb ya sake duban SIMP 0136, sakamakon da Allison McCarthy da tawagarta suka fitar a 2025 ya raba hasken hawa-hawa: gajimaren ƙarfe a zurfi, na rairayi a bisansa, can sama kuma wuraren zafi da ba ruwansu da gajimare, ga kuma sauyin sinadaran kabon, kowanne da nasa lokacin.