Agogon Jirgin Ruwa na Zamanin Da

Agogon jirgin ruwa na'ura ce ta auna lokaci wadda matuƙan teku suka dogara da ita domin sanin nisan da suka yi gabas ko yamma, domin kuwa tun da duniya tana juya daraja 15 a kowace sa'a, duk wanda ya riƙe lokacin Giriniwic daidai, ya kuma gwada shi da tsakar ranar inda yake, lalle hisabi zai nuna masa matsayinsa.

A shekarar 1714 majalisar Birtaniya ta yi alkawarin lada har fam 20,000 ga wanda ya warware mas'alar sanin nisan gabas ko yamma a teku, sai wani kafinta mai suna John Harrison ya duƙufa a kanta shekara da shekaru, har ya kammala agogonsa na huɗu a 1759, aka jarraba shi a tafiyar Jamaika ta 1761.

Babbar hikimar maƙeran da suka biyo bayansa, irin su Arnold da Earnshaw, ita ce haɗa tagulla da ƙarfe a jikin ƙaramar dabarar da ke kai da komowa, yadda zafi ko sanyi ba za su ɓata tafiyarta ba, sa'an nan a rataye agogon cikin zobba a akwatin katako, ya zauna daram ko da igiyar ruwa tana jijjiga jirgin.